Ra'ayinmu: Iskar Ozon A Sararin Kano, Laifin Daji Ne Ko Na Birni?

Duk shekara idan hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, tari da mura suka yawaita a gidaje, abu biyu mutanen Kano suke ɗora wa laifi: ƙurar da ke tasowa daga hamada, da hayaƙin masu cinna wa daji wuta. Dukansu ido yana ganinsu, shi ya sa bakin kowa yake kansu. Akwai na uku da ba a cika ambatonsa ba, domin ba shi da launi, kuma ba daga salansar mota ko daga juji yake fitowa kai tsaye ba. A sarari yake haɗuwa da rana tsaka, sannan ya shiga huhun mutum da ganyen shuka. Masana suna kiransa ozon. Jaridar nan ta ga ya dace ta tsaya a kansa, saboda muhawarar da ake yi kan asalinsa a ƙasashen ciyawa irin namu ta shafi mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre da majinyacin da ke kwance a asibiti a Gyadi-Gyadi, kamar yadda ta shafi mafaraucin gefen dajin Falgore. Yadda aka warware ta ne zai nuna wanda hukuma za ta ci tara da wanda za ta ƙyale.

Mai karatu zai iya cewa, ashe ba ozon ne aka koya mana a makaranta cewa yana kare mu ba? Haka ne. Oksijin ɗin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne a manne, shi kuwa ozon uku ne. Mafi yawansa yana can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa, inda yake tare nau'in hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Shi ne wanda aka ba da sanarwar ya zaizaye a saman yankin ƙanƙara na kudancin duniya a 1985, har ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montiriyal a 1987 don ceto shi. A can sama rahama ne. Wanda muke magana a kai shi ne na nan ƙasa, daidai hancin mutum, kuma a nan guba ne.

Hanya mafi sauƙi ta gane yadda yake samuwa ita ce a ɗauke shi kamar girki. Sararin sama ne tukunya, rana ce wuta, kayan haɗin kuma iri biyu ne. Na farko iskar da ke samuwa idan naitirojin ya haɗu da oksijin, wadda ke fita daga duk abin da ke ci da zafi mai tsanani: injin mota, janareto, wutar daji, har da walƙiya. Na biyu tururin fetur da fenti da sauran man da bai gama ƙonewa ba, tare da iskar nan mai kisa da kan hallaka iyalan da suka kwana da janareto a cikin ɗaki. Idan biyun nan suka gauraya, hasken rana ya buge su na 'yan sa'o'i, sai ozon ya fito. Wanda ya fara bayyana wannan wani masani ne ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, a farkon shekarun 1950, lokacin da mazauna birnin Los Anjalis na Amurka suka rasa gane abin da ke sa idanunsu hawaye, amfanin gonarsu yana ƙonewa, tayoyin roba suna tsattsagewa. Ya nuna musu cewa hayaƙin motocinsu ne da ranar garinsu. Kamfanonin mai da na motoci sun yi ta musu kafin su sallama.

To, idan rana ce wutar girkin, ai mu ne a bakin murhu. Kano tana kan layi na 12 arewa da tsakiyar duniya, rana ba ta yi mana rowa a kowane wata, kuma a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Adadin hayaƙin da zai samar da ozon kaɗan a Landan cikin sanyi, a nan zai samar da fiye da haka nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa masana sararin sama suka daɗe da mayar da hankali kan shimfiɗar ciyawa da ta tashi daga Senegal ta ratsa ƙasar Hausa har Sudan.

Masu ɗora wa wutar daji laifi suna da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a ji ta yadda take. A 1979 Paul Crutzen, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1995, ya wallafa tare da abokan aikinsa cewa ƙona ciyawa da itace a ƙasashen zafi babbar mafita ce ta iskokin da ke sauya yanayin sararin duniya. Kafin nan an fi zaton matsalar ta masana'antun Turai da Amurka ce kaɗai. Bayansa aka yi ta gwaji. A 1991 masanan Faransa da na Kodebuwa sun cinna wa filayen ciyawa wuta da gangan a tashar bincike ta Lamto, suka auna abin da ke tashi. A 1992 aka yi wani gagarumin aiki a kudancin Afirka da jiragen sama, don gano dalilin da ya sa taurarin ɗan'adam ke hango tarin ozon a saman tekun Atilantika, inda babu mota balle masana'anta. Amsar da aka samu ita ce, hayaƙin wutar dajin Afirka da Kudancin Amurka yana da babban kaso a ciki. Daga baya kuma jiragen fasinja da aka maƙala wa na'urorin awo, masu sauka da tashi a Legas da Abijan, sun nuna cewa daga Disamba zuwa Fabrairu, wato lokacin da dajin Afirka ta Yamma ke ci, ozon yana ƙaruwa sosai a 'yan kilomitocin farko na sama. Kimanin kashi 70 cikin 100 na duk filin da ke ƙonewa a duniya a shekara a nahiyarmu yake. Ba wanda zai dubi wannan ya ce wutar daji wasa ce.

Ban da batun iska ma, wutar da aka cinna don korar gafiya ko zomo takan tsallaka ta cinye rumbu, ta cinye harawar da manomi ya tara, ta kashe 'yan itatuwan da ke tasowa, ta bar ƙasa tsirara ga iska da ruwan farko. Kan haka ne hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili a 2011. Mai wannan ra'ayi cewa yake yi doka tana nan, a aiwatar da ita kawai, a kama mai cinna wuta a hukunta shi.

Sai dai akwai abubuwan da wannan ra'ayi yake tsallakewa, kuma a wurinmu nauyinsu ya isa ya sauya hukuncin. Na farko shi ne inda Kano take. Dajin da ya fi ci da wuta yana kudu da mu, a ƙasashen doguwar ciyawa irin su kudancin Kaduna da Neja da Nasarawa da Binuwai da Taraba. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ke nan a nan ƙasa, iskar tana kwashe hayaƙin ne ta yi kudu da shi wajen gaɓar teku. Binciken da aka yi da jirgin sama daga Yamai a watannin Janairu da Fabrairun 2006 ya samu ƙura a shimfiɗe a ƙasa-ƙasa, hayaƙin daji kuma a samanta, bayan ya hau sama ya juyo arewa. Wannan bai wanke wutar daji ba, amma ya nuna cewa abin da aka auna a saman Legas ba lalle ne shi ɗan Tarauni yake shaƙa ba.

Kewayen Kano kuma ba daji ba ne. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana yankin a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da noma ya fi cunkushewa a busasshiyar Afirka, inda ake nome gona kowace shekara ba hutu. Manomin Dawakin Kudu ko Gezawa ba ya ƙona karan dawa, domin kara kuɗi ne: danga ne, makamashi ne, abincin dabba ne. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa har kasuwa ake kai su. Abin da yake ƙonawa shi ne ɗan tarin sharar gona kafin damina. Wannan hali ba na Kano kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya dogara da hotunan taurarin ɗan'adam, ya nuna cewa filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, kuma raguwar ta fi yawa a filayen ciyawa, saboda gonaki da garuruwa suna cinye dajin. Wani da ya biyo baya ya samu cewa daga 2005 zuwa 2017 iskar naitirojin ɗin nan ta ragu a saman yankin ciyawar arewacin Afirka lokacin rani, saboda raguwar wutar, duk da cewa ƙona fetur da dizal yana ta ƙaruwa. Wutar daji tana ja da baya, ta inji tana matsowa.

Abu na gaba ya fi ba da mamaki, kuma a maƙwabtanmu aka gano shi. A ƙauyen Banizumbu da ke gabas da Yamai akwai tashar da ta shafe shekaru tun ƙarshen shekarun 1990 tana auna iskokin sarari wata bayan wata, cikin wani tsari da ya haɗa tashoshi a Mali da Jamhuriyar Benin da Kodebuwa da Kamaru. A tashoshin kudu, inda ciyawa ke da tsawo, ozon yakan fi yawa da rani, lokacin wuta, kamar yadda ake zato. A Banizumbu da takwararta ta Katibugu a Mali kuwa, da shigowar damina yake hawa, lokacin da babu mai ƙona komai. Dalilin yana cikin ƙasa. Duk tsawon rani kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye suna tara naitirojin a busasshiyar ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke cikinta kuma suna kwance ba motsi. Da ruwan farko ya sauka sai su farka gaba ɗaya, su saki iskar naitirojin da yawa cikin kwanaki kaɗan. A daminar 2006 wani jirgin binciken Ingila da ya yi sansani a Yamai ya bi ta saman filayen da ruwa ya jiƙa da waɗanda bai jiƙa ba, ya samu iskar naitirojin da ozon sun fi yawa a saman jiƙaƙƙun. Ƙasar Kano, da yanayinta da dabbobinta da takinta, ta fi kama da ta Banizumbu a kan ta Lamto. Wannan kason ba laifin kowa ba ne, tsarin halitta ne, kuma duk wanda zai yi doka dole ya san da shi don kada ya hukunta mutum kan abin da ƙasa ta yi.

Ko ita wutar da makiyayi ko manomi ke cinnawa, ba duka ce ɓarna ba. Makiyayi yana ƙona busasshiyar ciyawa don sabon toho ya fito wa shanu, ya kuma rage kaska. Mutanen ƙauye suna ƙona gefen gari da wuri don kada babbar gobara ta zo ta same su a watan Maris. Mali ta gwada haramta ƙona daji ɗungurungum a shekarun 1980 zamanin Musa Tarawore, da tara mai tsanani. Wutar ba ta daina ci ba, ƙiyayya ce ta ƙaru tsakanin manoma da ma'aikatan gandun daji, kuma bayan faɗuwar gwamnatin a 1991 aka sassauta.

Yanzu mu dawo gida, domin laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. Ƙaramar Hukumar Tarauni faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, amma ƙidayar 2006 ta samu mutum fiye da 220,000 a cikinta, yau kuwa kowa ya san sun ƙaru sosai a ido. A cikin wannan ɗan fili titin Zariya ya ratsa, na Maiduguri ya ratsa, ga gadar Dangi, ga Court Road, ga tashar Unguwa Uku inda manyan motoci da ƙanana ke tsaye injinsu na aiki, ga ma'ajiyar mai ta Hotoro a gefe da jerin tankokinta. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, A Daidaita Sahu ta gaji titi, kuma yawanta ba ya buƙatar bayani ga wanda ya taɓa tsallaka titin Zariya da ƙarfe biyu na rana. Yawancin motocinmu tsofaffi ne da aka shigo da su bayan sun gama aiki a wata ƙasa, kuma da dama an cire musu matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, an sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Wannan matata ita ce aka ƙera musamman don rage kayan haɗin ozon. A Farm Centre da sauran kasuwanni, da zarar an ɗauke wuta sai janaretoci su ɗauka, ciki har da ƙananan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, waɗanda ke tofar da wani kaso na man ba tare da ya ƙone ba. Ga 'yan bumburutu da galan a buɗe cikin rana, ga masu fentin mota a bakin hanya, ga juji da ake cinna wa wuta da leda da roba da komai a ciki. Wutar daji wata uku ko huɗu take yi a shekara. Wannan kuwa kullum ne.

A nan akwai wani sirri na wannan iska da ya kamata mazauna birni su sani, domin shi ne ya mayar da batun na haƙƙi. A bakin titi mai cunkoso ozon ba ya taruwa sosai, saboda sabon hayaƙin mota yana cinye shi nan take. Sai iska ta kwashi hayaƙin ta yi tafiyar sa'o'i da shi a cikin rana, sannan ozon ya kai ƙarshen yawansa, kilomitoci masu yawa daga inda aka tayar da shi. An ga haka a kewayen manyan biranen duniya da dama: ƙauyen da ke bin bayan iska ya fi tsakiyar birnin shan wahala. To, da hunturu iskar Kano kudu maso yamma take nufa. Me ke can? Kumbotso da Madobi da Kura da Garun Malam, da filayen Kadawa da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, inda ake shuka alkama a Nuwamba da Disamba a girbe wajen Maris. Alkama tana cikin amfanin gonar da ozon ya fi yi wa illa. Shukar rani kuma ta fi shiga haɗari, domin wadda ta ƙoshi da ruwa takan bar ƙofofin ganyenta a buɗe da rana, iskar ta shige ta nan, alhali wadda ke cikin ƙishi rufewa take yi. Da damina iska takan juya ta nufi arewa maso gabas, wajen Gezawa da Minjibir, inda wake ke cikin gona, shi ma dangin masu rauni ne a gaban wannan iska. Gero da dawa sun fi juriya. Alamar cutarwar kan fito a matsayin ƙananan ɗigo-ɗigo masu ja ko ruwan ƙasa a saman tsofaffin ganye, ganyen ya tsufa da wuri, ƙwaya ta ƙi cika. Manomin da ya ga haka zai ce taki ne ya yi kaɗan ko cuta ce, ya sake kashe kuɗi a kan maganin feshi. Ba zai taɓa kawo janareton birni a ransa ba, mu kuwa muna nan muna kiransa mai gurɓata iska.

Ga ɗan'adam, ozon yana ƙona hanyoyin numfashi ne daga ciki. Yana sa tari da ƙaiƙayin maƙogwaro da nauyin ƙirji, yana tayar wa mai asma ciwonsa, kuma shaƙarsa shekara da shekaru tana tsananta cutar toshewar huhu. Yakan fi yawa daga azahar zuwa la'asar, lokacin da ɗalibai ke komawa gida, 'yan talla da leburori da 'yan dako ke tsakiyar aiki. Takunkumin ƙyalle da muke sawa da hunturu yana rage ƙura, amma ozon iska ce, ratsa shi take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 100 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin awon sa'o'i 8, a 2021 kuma ta ƙara wata iyakar ta 60 ga watannin da ya fi yawa a shekara.

Akwai ɓangare na uku a muhawarar, masu cewa duk wannan shagala ce. A garin da mace ke girki da itace a ɗaki marar taga, ƙura ke rufe rana, ruwan sha ke gagarar unguwanni, wa ke da lokacin iskar da ba a gani? Ba mu raina wannan magana ba, alƙaluma ma suna mara mata baya. Rahoton halin iskar duniya da wata cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta fitar tare da UNICEF a 2024 ya danganta mutuwar mutum miliyan 8.1 a shekarar 2021 da gurɓatar iska, kuma kason ozon a ciki bai kai rabin miliyan ba, kimanin 490,000. Sauran mafi yawa na ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ƙura ne da hayaƙin girki. Ita kanta ƙurar hunturu tana rage ozon, domin tana dusashe hasken rana, wani kasonsa kuma yana lalacewa a jikin ƙwayoyinta. Kuma tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, da tsadar iskar gas da ta biyo baya, gidaje da yawa sun koma gawayi da itace bisa tilas. Wanda ke wannan hali ba a zuwa masa da wa'azin sararin samaniya.

Mun yarda da su a kan cewa ba ozon ne babban makashi ba. Inda muka rabu shi ne a ce don haka a yi watsi da shi. Jujin da ke ci da wuta, da janareton da ke tofar da mai, da motar da aka cire wa matata, su ne dai ke fitar da ɓurɓushin da ya fi kisa, su ne kuma ke fitar da kayan haɗin ozon. Duk naira ɗaya da aka kashe a kansu ta yi aiki biyu. Ƙurar Bodele ba ta hannun gwamna, ruwan farko ba ya hannun kwamishina, amma juji da janareto da salansa suna hannunmu.

Saboda haka matsayin jaridar nan shi ne: wutar daji tana da kasonta a ozon ɗin yankin Afirka ta Yamma, kuma kaso ne babba, amma a Kano ba ita ce ta cancanci zama ta farko a layin tuhuma ba, kuma kamen manomi da makiyayi ba zai gyara iskar Tarauni ba. A fara da awo. Afirka tana cikin yankunan duniya da suka fi ƙarancin tashoshin auna ozon, kuma mazaunin Kano yana jin hasashen ruwan sama da na hazo a rediyo amma ba ya jin na wannan. Aikin ba ya buƙatar biliyoyi. Abin da ake amfani da shi a Banizumbu 'yar takarda ce da aka jiƙa da sinadari, a rataye ta wata guda, a kai ɗakin gwaji. Kuma Allah ya haɗa wa Kano masu iya aikin a wuri guda: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana Gyadi-Gyadi da likitocin ƙirji da bayanan masu zuwa da ciwon numfashi, tashar cibiyar IITA da ke binciken wake da ofishin ICRISAT suna kan titin Sabo Bakin Zuwo, Jami'ar Bayero kuma tana da sashen kimiyyar sinadarai da Cibiyar Noman Busassun Ƙasashe. Abin da ake buƙata shi ne Ma'aikatar Muhalli ta jiha ta tara su a teburi ɗaya. A sa ma'auni a Dangi, a sa a harabar asibiti, amma lalle a sa a Kadawa da Minjibir, domin idan a bakin titi kawai aka auna za a samu adadi kaɗan a ce lafiya lau, alhali cutar tana gaba.

Ba sai an jira sakamakon awo ba kafin a taɓa abin da illarsa ta riga ta tabbata. Mutum ba ya ƙona shara don sha'awa, yana ƙonawa ne idan mota ba ta zo ta kwashe ba. Don haka kafin a ci taransa, hukumar kwashe shara ta REMASAB ta tabbatar an kwashe, musamman bayan tsaftar ƙarshen wata, lokacin da tarin da aka fito da shi daga kwatoci kan kwana a bakin titi. Kasuwa irin Farm Centre, mai shaguna a cunkushe da rufi mai faɗi, ta dace da wutar sola ta haɗin gwiwa, kuma 'yan kasuwar da suka san abin da suke kashewa a kan fetur kowace rana ba sa buƙatar dogon lallashi idan an samar musu bashi mai sauƙi. Binciken lafiyar mota ya haɗa da hayaƙinta, a fara da motocin gwamnati da manyan motocin kamfanoni kafin a zo kan ɗan A Daidaita Sahu da ke fafutukar biyan balas. Cinikin matatar hayaƙin da aka ciro daga mota kuma a sa masa ido.

Game da daji, muna goyon bayan tsari, ba ma goyon bayan haramci na bai ɗaya. Wutar farauta da ake cinnawa a tsakiyar rani a tafi a bar ta, wannan a hana, kuma Sarkin Baka da dagatai sun fi ɗan sanda sanin mai yin ta. Ƙonawar makiyayi da ta kare gari kuwa a sa mata lokaci da izinin mai unguwa, a farkon rani kafin ciyawa ta bushe ƙayau, a yanki-yanki, yadda ba za ta zama gobara ba.

Muna kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da shugabancin Ƙaramar Hukumar Tarauni da su sa kuɗin wannan awo a kasafin da ke tafe, a fara kafin alkamar bana ta fitar da kai, a kuma riƙa karanta wa jama'a sakamakon a rediyo da Hausa kowane wata.